Sun ce ambaliya ce ba iska ba, kuma sun hana ni ganin rahoton

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah taimako nake nema. Shekara shida ina biyan inshorar gidana ban taɓa fashi ba, sai bana guguwa ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya ta yaye rufin ɗaki biyu, silin ya rufto, katifu da kujeru duk suka jiƙe. Kamfanin suka turo wani mutum ya zagaya yana ɗaukar hoto da waya, wallahi ko minti ashirin bai yi ba. Bayan wata biyu sai ga saƙo, abin da za su ba ni bai kai rabin kuɗin gyara ba, wai yawancin ɓarnar ambaliya ce kuma ba ta cikin yarjejeniyarmu. Na ce toh ku nuna min rahoton mutumin naku, suka ce ai na ofis ne. Shin akwai dokar da ta tilasta musu ko haƙuri kawai zan yi?
Daga wata mai karanta mu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya mayar da alheri. Haƙuri kam a yi, amma ba irin na naɗe hannu ba.

Wannan magana ta iska ce ko ruwa ne tsohuwar rigima ce. Bayan guguwar Katrina a 2005 dubban mutane a Amurka sun sha ta, domin can inshorar gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar iska amma ba ta biyan ambaliya, ita daban ake sayenta, kin ga duk bangon da aka jingina wa ambaliya kamfani ya tsira da kuɗinsa ke nan. A yawancin yarjejeniyoyi ruwan saman da ya zubo ta rufin da iska ta yaye ɓarnar guguwa ce, ambaliya kuwa ita ce ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo. Silin ɗinki daga sama ya rufto ai. Ki duba bango ma, ruwan da ya kwanta a ɗaki yana barin layin laka a miƙe, wanda ya zubo daga sama kuma zirara yake yi, ki ɗauki hotonsa tun kafin a yi fenti.

Sai batun rahoto, nan ne gizo ke saƙar. Bayan guguwar Sandy a 2012 wani alƙalin kotun tarayya a New York ya gano a 2014 cewa injiniyan da ya je wani gida da ƙafarsa ya rubuta guguwa ce ta lalata shi, amma kafin takardar ta isa hannun masu gidan an sake rubuta ta an ce tsohuwar lalacewa ce. Ya ba da umarni a fito da har rubutun farko na rahotanni, a 2015 kuma hukumar FEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, ta ba mutum sama da dubu 140 damar a sake duba musu lissafi. Ba na cewa naki ma an taɓa shi fa, amma kin ga dalilin da ya sa ba na yarda da kalmar "na ofis ne". Da wannan takarda aka yanke kuɗinki, ta yaya za a ce ba ruwanki da ita?

Doka kam ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A jihar Kalifoniya, inda gobarar daji ta koya musu darasi, in kika nema dole kamfani ya ba ki takardun da suka shafi neman diyyarki cikin kwana 15, cikakkiyar yarjejeniyar kuma cikin kwana 30, sannan kwana 40 gare su su amsa ko su ƙi bayan kin kai hujjoji, in sun ƙi kuma a rubuce da dalili. Har in suka sauya miki jami'i karo na uku cikin wata shida sai sun rubuto miki inda aka kwana, saboda mutane sun gaji da maimaita labari daga farko ga kowane sabon mutum. A Birtaniya sati takwas kamfani ke da shi ya ba da amsar ƙarshe kan koke, daga nan mutum ya wuce ofishin Ombudsman, mai sauraron koken jama'a kan kamfanonin kuɗi da inshora, kyauta. Ni a ganina irin wannan wa'adi na kwanaki shi ne doka mai haƙora, wadda kawai ta ce a yi wa abokin hulɗa adalci ba ta tsorata kowa.

Toh ke yanzu ki daina magana da su ta waya kawai. Ki rubuta wasiƙa ko imel mai kwanan wata, ki nemi rahoton mai kiyasin da hotunansa, da sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, lambarsa da kalmominsa, da lissafin kuɗin dalla-dalla, musamman nawa suka zaftare da sunan tsufan kaya da nawa ne kason da ke kanki, domin wata yarjejeniyar kuɗin sabo take biya wata kuma kuɗin kwance, kuma mutane da yawa ba sa sanin wacce suka saya sai ranar da abu ya faru. Ki samo magini ko injiniya naki ya yi kiyasinsa a rubuce. In sun yi shiru ko sun ci gaba da yawo da hankalinki ki kwashi kwafin komai ki kai wa hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi a ƙasarku, kamfanin da ya share wasiƙarki da wuya ya share tasu.

Kuma in sun ce ki zo ki karɓi wannan rabin, ki karanta takardar da za ki sa wa hannu tukuna, in an rubuta biyan ƙarshe ne ba sauran magana, ki ajiye biro ki ce a gyara a rubuta kason farko. Ki duba yarjejeniyar ma ko akwai wa'adin ƙara, kada ya wuce kina jiran amsa. In wasiƙarsu ta zo ki turo mana mu karanta tare.