Amsa: koren ruwan da ake sheƙa wa taurari a bikin Kids' Choice Awards

'Yar uwa, kin tambaya ko wulaƙanci ne ake yi wa baƙin da kika ga an yi musu wanka da koren ruwa mai yauƙi, kuma ko ya dace yaranki su kalla.

Ba wulaƙanci ba ne, a wurinsu ma karramawa ce. Tashar Nickelodeon ta Amurka ce ke shirya bikin, kuma tun 1988 yake ɗauke da wannan suna. Koren ruwan ta gado shi ne daga wani shirin barkwanci na yara da aka yi a Kanada, inda ake kwarara wa duk wanda ya ce bai sani ba. Yau manyan 'yan fim da mawaƙa sukan tsaya a yi musu, yara na ta ihu.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu wasu alƙalai, masu kallo ne ke kaɗa ƙuri'a ta intanet. Sai dai fa wanda ya fi tarin masoya shi ke lashewa, ko da wani ya fi shi iya aiki. Kyautar kuwa wani ɗan jirgin balan-balan ne ruwan lemo. Emmanuella ta Najeriya, yarinyar nan mai barkwanci, ta samu ɗaya a 2021.

Batun kallo, wasannin ba su da matsala, amma shigar wasu mawaƙan da rawarsu ba irin tarbiyyarmu ba ce. Ki fara dubawa ke kaɗai, sannan ki zaɓar musu wuraren da suka dace.