Me aka yi da tsohuwar masaƙar Salts Mill bayan an rufe ta?

Ka tambayi makomar masaƙar Salts Mill da ke Saltaire, kusa da Bradford a Ingila. Attajiri Titus Salt ne ya buɗe ta a 1853 domin saƙa ulu, har ya gina wa ma'aikatansa gidaje kusa da ita. An rufe ta a 1986 bayan kasuwar saƙa ta ja baya, wani ɗan kasuwa mai suna Jonathan Silver kuma ya saye ta a 1987. A ganina ya yi dabara da bai rushe ginin ba, domin dogayen ɗakunan nan masu manyan tagogi, waɗanda aka tsara don masu saƙa su sami haske, sun dace da baje zane-zanen shahararren mai zane David Hockney, sauran wurin kuma ya zama shaguna da ofisoshi.