Sa hannu a bayan faranti kafin ya shiga wuta

Kai yaro, wai kana tambaya me ya sa nake tilasta maka rubuta suna da shekara a bayan kowane farantin tangaran da muka zana tun farin ruwan da aka tsoma shi ciki yana ɗanye. Ku yaran yanzu komai sai an muku bayani, alhali rabin hankalinku na kan waya.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Su Francesco Xanto Avelli, masu zanen faranti a garin Urbino na Italiya, tun wajen 1530 haka suke yi, a zana tatsuniyar Girkawa a gaba, Apollo na bin Daphne tana rikiɗewa bishiya, a juya baya a rubuta labarin da suna da shekara. Gasa yumɓu da tsoma shi cikin farin ruwan kuza da dalma kuwa ba zan tsaya kansu ba, ko makaho ya sani.

Wani dillali ne ya koya min a nan garinmu Deruta na Italiya. Ya zo da kwat da turare, Italiyanci kamar zuma, wai saiti yake so irin wanda mai zanen faranti Nicola da Urbino ya yi wa Isabella d'Este, basarakiyar Mantua, wajen 1524, amma don Allah kar na rubuta komai a baya, wai matarsa ba ta son rubutu. Ya ajiye kafin alƙalami. Ka dai san farin nan in ya bushe kamar gari yake, burushi na taɓawa ya shanye, layi ɗaya ya karkace shikenan faranti ya tafi, haka na duƙufa wata da watanni, shuɗin kobal, ɗorawar antimoni, koren tagulla, har idona ya fara yaji. Ya kwashe kaya, cikon kuɗi wai sati mai zuwa.

Sati mai zuwan nan har yau. Daga baya wani abokin sana'a ya hango ɗaya a shagon kayan tarihi, an goge bakinsa da sanfefa an jiƙa shi da shayi, ana cewa ɗan shekara 500 ne, kuɗin da aka sa masa ya ninka na saitin gaba ɗaya. Aikina fa! Da me zan nuna nawa ne?

Saboda haka da kalar zane za ka rubuta, kan ɗanyen farin, wuta ta haɗe su. Rubutun da aka yi bayan an gama gasawa, aska ma kankare shi take. Kuma duk wanda ya ce kar ka sa suna, nuna masa ƙofa.