Madabod ɗin tsohuwar kwamfutata ya mutu, wane zan nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur da na haɗa tun 2012, firosesarta Intel Core i5-2400. Makon jiya na danna maɓalli, fanka ta juya kamar daƙiƙa biyu ta tsaya, allo bai nuna komai ba. Mai gyara ya ce madabod ne ya mutu, wato babban faifan da ake jona sauran kayan kwamfuta a jikinsa. Ba na son rabuwa da ita, don da ita nake duk lissafin aikina. Wane irin madabod zan nema? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sayi komai, ka tabbatar madabod ɗin ne. Wannan alama da ka faɗa, sau da yawa akwatin da ke ba kwamfuta wuta ne ya gaji, ko ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ta saki. Ka ari wani akwatin wutar ka gwada. Ka cire ram, ka goge bakinta, ka mayar da guda ɗaya tak. Ka canza ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. In duk ka yi haka shiru, to ka yarda da mai gyara.

Firosesarka ta fito a 2011, kuma mazauninta shi ne soket LGA 1155. Wannan lamba ka riƙe ta da kyau. Akwai 1156, akwai 1150, akwai 1151, a ido duk kamar 'yan gida ɗaya, amma babu wanda zai karɓi taka. Kamfanoni irin su Asus da Gigabyte sun daɗe da daina ƙera na 1155, don haka yawanci na hannu za ka samu.

Da ni ne, mai cifset B75 ko H77 zan nema (cifset shi ne ɓangaren madabod da ke haɗa firosesa da sauran kaya). Suna karɓar i5-2400, suna aiki da ram ɗinka ta DDR3, ga USB 3.0 da kafar SATA (inda ake jona ma'ajiyar fayiloli) mai sauri idan ka sa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli ta zamani. H61 ya fi yawa a kasuwa, kuma zai yi aiki, sai dai an rage masa USB 3.0 da SATA mai saurin. P67 kuwa ba ya fitar da hoto daga firosesa, dole sai da katin hoto daban. Idan aka miƙo maka P67 ko H67, duba ko an rubuta B3, alamar wanda aka gyara, a jikinsa ko a kwalinsa, domin na farkon 2011 sun fito da matsala a wasu kafofin SATA, har Intel ta janye su ta gyara.

Abin da na fi so ka kula da shi su ne allurorin cikin soket. A irin wannan, allurorin a jikin madabod suke, guda 1155, sirara kamar gashi. Na taɓa sayen ɗaya ban duba ba. Na kwana biyu ina zargin ram, sai da na haska tocila ta gefe na ga allura guda ta kwanta, tana ƙyalli daban da 'yan'uwanta. Har yau in na tuna raina na ɓaci. Ka ɗaga murfin soket, ka karkata shi a haske, ka bi layi-layi. Sannan ka dubi kafasitoci, 'yan ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a jikin madabod: kansu ya zama a shafe, in ya kumbura ko ya yi tsatsa ka ajiye. Kada ka biya sai an ɗora firosesarka an kunna a gabanka.

Ka guji wanda aka ciro daga kwamfutar ofis ta Dell ko HP, don galibi wayoyinsu na gaba nasu ne su kaɗai, ba sa shiga kowane akwati. Ka auna akwatinka ma: babban madabod, ATX, santimita 30.5 ne a tsaye, ƙaramin kuma, micro-ATX, 24.4.

Wajen haɗawa ka goge tsohon man sanyaya firosesa ka sa sabo. Windows kuma zai iya neman ka sake tabbatar da lasisi, tunda madabod ya canza. Ka kuma sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma wannan firosesa ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su. In lissafi da rubutu ne aikinka, Linux Mint, wata manhaja da ake sawa a madadin Windows, zai zauna mata lafiya. Amma tun yau ka ciro hard disk ɗin, wato ma'ajiyar fayiloli, ka kwafe fayilolinka a wani wuri.