Amsar tambaya kan Samurai X: ta ina za a fara, a ina za a tsaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ɗan'uwan da ya tambaya wai ya sauke katun ɗin Japan ɗin nan Samurai X ya ga yana da kashi-kashi har 95, ya kuma ga wani sabo na 2023, ga wasu gajeru a gefe, bai san wanne ne na farko ba, to ga bayani. Ka ɗan ba ni aron kunnenka, maganar tana da rassa.

Asalin sunansa Rurouni Kenshin. Samurai X suna ne da aka laƙaba masa lokacin da aka fitar da shi ƙasashen waje, saboda tabon gicciyen da ke kuncin hagu na Kenshin, jarumin labarin. Sunan ma bai dace ba, don Kenshin ba ɗan gidan samurai ba ne, wato gidan mayaƙan Japan na gado, ɗan manoma ne, sunansa na yanka Shinta. Tushen labarin manga ne, wato littafin zane, na Nobuhiro Watsuki, ya fito a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1994 zuwa 1999, littafi 28, babi 255. Ya kasu gida uku: Tokiyo daga littafi na 1 zuwa na 7, Kiyoto daga na 7 zuwa na 18, sai Jinchu daga na 18 har ƙarshe. Ka riƙe wannan rabon, shi ne zai warware maka komai.

Katun ɗin 1996, mai kashi 95 ɗin nan, ga yadda za ka bi da shi. Kashi na 1 zuwa na 27 Tokiyo ne, amma an cusa ciko da yawa, labarin ɗan kokawar sumo, fashin jirgin ƙasa, 'yan fashin teku, duk babu su a littafi. Ka tabbata ka ga na 1 zuwa na 11, nan ne Jin-e yake, da Megumi da maganar sarrafa ofiyom, da Aoshi. Daga kashi na 28 zuwa na 62 kuma Kiyoto ne, kada ka tsallake ko ɗaya. Nan ne Saito ya shigo, nan ne Shishio, babban abokin gaban Kenshin, yake. Wallahi wannan yanki har yau ba a yi abin da ya fi shi ba ta fuskar kiɗa da yadda aka tsara faɗa.

Da ka kai na 62, ka tsaya. Dalili kuwa, katun ɗin ya cimma littafin, marubucin bai gama Jinchu ba a lokacin. Sai masu shiryawa suka shiga ƙirƙiro nasu labaran suna jira, aikin ma ya bar hannun kamfanin Gallop ya koma Studio Deen daga kashi na 67, aka yi ta ja har aka rufe shirin a 1998 ba a taɓa Jinchu ba. Shi ya sa duk wanda ya daure ya kai na 95 zai ce maka labarin ba shi da ƙarshe. Yana da shi, a littafi yake.

To sai sabon, na kamfanin Liden Films. Zango na farko kashi 24 a 2023, ya ɗauke Tokiyo gaba ɗaya, kusan babu ciko, yana bin littafi sau da ƙafa. Zango na biyu kashi 23, daga Oktoban 2024 zuwa Maris 2025, ya shiga Kiyoto amma bai kai ga karon ƙarshe da Shishio ba. A ganina, ka kalli Tokiyo a sabon, sannan ka koma tsohon daga kashi na 28. Abin da zai ɗan dame ka shi ne murya: a tsohon mace ce, Mayo Suzukaze, take yin muryar Kenshin, a sabon kuma namiji ne, Soma Saito. Kashi biyu uku kunnenka zai saba.

Gajerun kuwa, a nan mutane suke yin kuskure. Akwai Trust and Betrayal na 1999, kashi 4 ne kacal, yana ba da tarihin Kenshin yana yaro makashi da yadda ya samu tabon nan. An ciro shi ne daga cikin Jinchu, wajen littafi na 19 zuwa na 21. Babu barkwanci a cikinsa ko kaɗan, jini ne tsagwaronsa, don haka ba na yara ba ne, kada a kunna a falo. Wasu suna farawa da shi saboda shi ne farko a tsarin shekaru. Ni ban ba da wannan shawara ba. Ka bari sai ka gama Kiyoto, lokacin ka san mutumin da ya rantse ba zai ƙara kisa ba, sannan ganin abin da ya jawo rantsuwar zai taɓa maka zuciya yadda ya kamata.

Reflection na 2001 zuwa 2002, kashi 2, wannan ka ajiye shi. Ya tsakuro Jinchu cikin 'yan mintuna ya ɗora wani ƙarshe mai baƙin ciki wanda babu shi a littafi. New Kyoto Arc na 2011 zuwa 2012 shi ma matse Kiyoto aka yi a kashi biyu, ba ka rasa komai ba.

Kenan bayan kashi na 62 da kashi 4 na Trust and Betrayal, ka nemi littafi na 18, babi na 152, ka ci gaba. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu ne, kamar yadda muke karanta Ajami, shafi da akwatunan zanen duka. Wanda ya fara daga hagu zai ga amsa kafin tambaya.

Akwai wanda ya ƙara da cewa shin tarihi ne na gaske? Gauraye ne. Labarin yana faruwa a 1878, shekara ta 11 da mulkin Sarki Meiji, shekara biyu bayan dokar 1876 da ta hana yawo da takobi, shi ya sa 'yan sanda suke yawan tare Kenshin. Saito Hajime mutum ne na gaske, shugaban runduna ta uku a Shinsengumi, ƙungiyar masu takobi da ke tsaron Kiyoto kafin mulkin Meiji, daga baya ya zama ɗan sanda da sunan Fujita Goro, ya rasu a 1915. Minista Okubo Toshimichi da gaske an kashe shi ranar 14 ga Mayu 1878, sai dai wasu tsoffin samurai ne suka yi, ba yaron Shishio kamar yadda labarin ya nuna ba. Shi Kenshin ƙirƙira ne, an ɗan jingina shi da wani makashi mai suna Kawakami Gensai.

Takobin nasa, sakabato, shi ma ƙirƙirar marubucin ne. Takobin Japan kaifi ɗaya gare shi, a gefen waje na lanƙwasar. Nasa an juya, kaifin yana ciki, dakusasshen gefen ne yake sauka a jikin mutum, ya karya ƙashi amma bai yanka ba. Illarsa a labarin ita ce bai dace da salon zarowa daga kube a sara nan take ba, kuma wannan salon ne gwanintarsa. Ka lura da ƙafarsa idan ya zo yin babbar dabarar da malaminsa Hiko ya koya masa. A ƙa'ida ƙafar dama ake sa wa gaba, don kube yana kwankwason hagu, kada mutum ya sare ƙafarsa. Shi kuma sai ya ƙara taku ɗaya da ta hagu, daga nan ƙarin gudu da ƙarfin saran suke fitowa.

Abu na ƙarshe, don kada ka ji a wani wuri ka ce an ɓoye maka: a 2017 an tuhumi marubucin da laifin mallakar bidiyon batsa na ƙananan yara, aka ci shi tarar yen 200,000, kuɗin Japan, a 2018. Ci gaban labarin mai suna Hokkaido, wanda ya fara a 2017, an dakatar da shi na wasu watanni sannan ya dawo. Akwai waɗanda suka daina sayen aikinsa saboda haka, kuma suna da hujja. Shi Hokkaido ɗin ba dole ba ne, labarin ya rufe a babi na 255. Wassalam.