Gidan bulo waya ake ja masa

Ka ce mai gidan nan yana kukan Wi-Fi ba ya hawa bene, ba ya kai wa lambu, kana tambayata ko ka sayo ekstenda uku, na'urorin nan masu ƙara wa Wi-Fi nisa, ka jona a soket a huta. Wa ya koya maka haka, yaro? Ba dai a shagona ba.

Ekstenda da rediyo ɗaya take karɓar saƙo, da shi kuma take turawa, shi ya sa gudun ke raguwa kusan rabi. Wayar hannu za ta nuna sabis a cike, bidiyo kuwa sai juyi yake. Ku yaran yanzu kun zauna kuna kallon Turawa a YouTube suna ajiye na'ura a kan teburi tana cika gida. Gidajen Amurka yawanci katako ne. Namu bulo ne da siminti, ga rufin kankare cike da rodi tsakanin ƙasa da bene. Zangon Wi-Fi na 5 GHz da kyar yake ratsa bango biyu irin wannan. Na 2.4 ya fi shi ratsawa, amma tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, maƙwabta kuma duk suna ciki.

Waya ake ja. Wayar intanet ta Cat6, daga suwic mai PoE, wato akwatin da ke tura intanet da wuta tare ta cikin wayar, zuwa kowane AP, na'urar da ke watsa Wi-Fi. AP ɗaya a kowane hawa, ɗaya na waje don lambu, kada tsawon kowace waya ya wuce mita 100. Saitin suna da lambar sirri ba zan ɓata bakina a kai ba. In ba ka iya wannan ba, tattara ka koma gida.

Abin da nake so ya shiga kanka shi ne wace waya, kuma wa ya sayo ta.

Akwai wani Alhaji da na yi wa aiki, gida ne makeke, bene, sashen baƙi daban, ga lambun mangwaro da rumfa a can ƙarshe inda yake zama da mutanensa da yamma. Na zagaya, na auna, na rubuta masa kaya: waya ta jan ƙarfe zalla, fayif da za a binne, AP na waje mai jure ruwa, da na'urar kariya daga tsawa haɗe da wayar ƙasa. Ya dubi takardar ya ce na cika tsada, ɗan ƙanensa ya san kasuwa, shi zai sayo waya. Kariyar tsawa kuwa ya sa biro ya soke, wai Allah ne mai tsarewa. Na ce haka ne, Alhaji, amma a ɗaure raƙumi. Bai ji ba.

Aka kawo kwali an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro. Na kankare sili ɗaya na wayar da wuƙa a gabansa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Na nuna masa, na ce wannan ba za ta ɗauki wuta zuwa rumfa ba, nisan ya yi mata yawa. Ya ce in dai na iya aikina, kowace waya ma waya ce. A gaban yaransa ya faɗa mini haka, ni da nake jan waya tun kafin a san 3G a garin nan. Na haɗiye, na yi aikin. Suwic da AP na lambun ma da kuɗina na sayo, a kan zai biya in an gama.

Abin da na faɗa shi ya faru. AP na lambun ya riƙa mutuwa yana tashi, don wutar tana zubewa a hanya kafin ta isa. Damina na sauka, tsawa ta faɗa kusa, ta biyo wayar lambun ta shigo gida, ta ƙone suwic da rawuta, na'urar da ke raba intanet a gidan. Ya kira ni yana faɗa, wai aikina ne ya ƙona masa kaya. Cikon kuɗina, kusan rabin ladan aikin, har yau ban gani ba, balle kuɗin kayana. Abin da ya fi ci mini rai, a majalisarsa ya riƙa cewa ban iya aiki ba, wani babban aiki da aka riga aka yi mini alkawari ya suɓuce ta dalilin bakinsa. Daga baya na ji ya ɗauko wani yaro sa'anka ya cika masa gidan da ekstenda.

Don haka gobe in ka je, kai za ka sayo waya, ka kankare ta tun a shago. Kada ka rataya ta a iska daga gini zuwa bishiya, a fayif za ta bi ƙarƙashin ƙasa. In sashen baƙi gini ne daban mai nisa, ka ce wa mai gidan fayiba, wayar gilashi da ke ɗaukar saƙo da haske, ita tsawa ba ta bin ta. AP na lambu ka kafa shi a bangon waje yana fuskantar inda ake zama, ba bayan tankin ruwa ko cikin duhuwar ganye ba, ruwa da ɗanyen ganye suna shanye sigina. Na cikin gida a ƙasan silin, kada ka cusa shi sama kusa da kwano zafin Afrilu ya dafa shi.

Duk abin da ya soke a lissafi, ya sa hannu a takarda cewa shi ya soke. Kuɗin kaya kuma su shigo hannunka cif kafin ka huda bango ko ɗaya. Ka kawo mini zanen gidan da safe in ga inda ka sa kowane AP, kuma kada ka makara yadda ka saba.