Amsa kan faifan Travelogue na Joni Mitchell

Ɗan'uwa, ka ce ka kunna Travelogue a waya, ka ji shi salam, kana tambaya me ake yabo a ciki. Laifin na lasifikar waya ne. Faifan ya fito a 2002, faifai biyu ne, waƙoƙi 22, tsofaffin waƙoƙinta ne Joni Mitchell, mawaƙiya 'yar Kanada, ta sake rerawa da makaɗa kimanin 70, Vince Mendoza ne ya tsara kiɗan. Irin wannan kiɗa yana sauka ƙasa-ƙasa sannan ya tashi da ƙarfi. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da amon manyan goge, sai ka ji murya kawai tana yawo. Sa iyafis mai kyau.

Kada ka sha shi a zama ɗaya, ya haura awa biyu. Fara da waƙar "Woodstock". Saurari na 1970 tukuna, inda muryarta ke can sama, siririya, sannan ka dawo na 2002. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, tana jan kalma a bayan kiɗa, gogen kuma suna cike gurbin da ta bari. Tsarin wannan waƙar ne ya ba Mendoza kyautar Grammy a 2004.

Daga nan ka wuce "Amelia". Ka kuma kasa kunne ga busar Wayne Shorter, mai busa saksofon, a faifan, yadda yake amsa mata a taƙaice tsakanin baitoci. A ganina faifan ya fi ƙarfin yadda aka yi watsi da shi.